Wata uku a jim ɗin unguwarmu: ƙarfen ya biya, injin gudu kuwa a yi hattara

Duk wanda yake buɗe shago a Kwari ko Sabon Gari ƙarfe takwas na safe, ba ya isa gida sai bayan Isha, ya san lokacin motsa jiki guda ɗaya yake da shi: tsakanin sallar Asuba da wankan fita kasuwa. Da dare ba a ma maganarsa, cunkoson hanya ya riga ya cinye sauran ƙarfin mutum, ga tuwo yana jira. Wannan ne ya sa na biya kuɗin wata uku a jim ɗin nan na unguwarmu, domin allon bakin ƙofa ya ce ƙarfe shida ake buɗewa. Ba zan kama sunansa ba, masu zuwa sun san wurin, kuɗin ma kun san yadda yake a garin nan.

Gaskiya suna buɗewa ƙarfe shida. Mai gadi yana nan, an share wurin, kocin yana zuwa kafin shida da kwata. A nan ban da ƙorafi, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga mai minti arba'in kacal. Abin da allon bai faɗa ba shi ne ba a tayar da babban janareto da safe. Sai yamma, lokacin da samari suka cika wurin. Da safe wutar gari ake amfani da ita, in ta ɗauke sai a tayar da ƙaramin inji wanda iyakarsa fitilu da fanka. Kuma injinan gudu guda huɗu suna jone a kan wannan wutar garin kai tsaye, ba inbata, ba batir, ba komai a tsakani.

A sati na biyar, wata Talata, wani magidanci yana kan injin da ke kusa da ni, ya kai gudun kilomita 10 a awa. Wuta ta ɗauke. Ƙirjinsa ya daki allon injin, leɓensa ya fashe a kan ƙarfen riƙewa, gwiwarsa ta sauka a kan bel ɗin. Aka nemi akwatin taimakon gaggawa babu, ko auduga babu, sai tawul ɗin wani aka danna masa a baki. Da manajan ya iso abin da ya ce shi ne, "Alhaji a yi haƙuri, tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Wannan maganar ce ta fi ɓata mini rai. Tsautsayi abu ne da ba a hango shi ba. Ɗaukewar wuta a Kano kuwa kowa ya hango ta tun kafin a sayo injinan.

Bari in yi bayanin abin da yake faruwa, domin da yawa suna hawa ba su sani ba. Mota ce ta lantarki, wato na'urar da ke juyawa a cikin injin, take jan bel ɗin da ake takawa. Idan ka danna maɓallin tsayawa, injin yana rage gudu a hankali na 'yan daƙiƙu har ya tsaya. Idan wuta ce ta yanke, babu wannan sassautawar. Motar ta mutu, nauyin mutum yana danne bel a kan katakon da ke ƙarƙashinsa, sai ya cije kusan nan take. Ƙafafu sun saba tura bel baya, bel ya daina tafiya, sai jiki ya yi gaba. Kilomita 10 a awa kusan mita uku ke nan a daƙiƙa ɗaya, allon kuma bai kai taku biyu daga ƙirjinka ba. Jan igiyar nan da ake maƙalawa a riga ba ta da amfani a wannan hali. Aikinta shi ne ta tsayar da inji idan ka zame ka yi baya. A maƙala ta dai kullum, amma kada a ɗauka ita ce maganin ɗaukewar wuta.

Akwai na biyu da na lura da shi tun kafin ranar. Biyu daga cikin injinan bel ɗinsu yana fizga, ka taka ya ɗan tsaya sannan ya ja. Abu uku ne ke kawo haka: bel ya saki yana bukatar a ɗaure kusoshin baya, ko ƙarƙashinsa ya bushe ba a sa masa man silikon ba, ko wuta ta yi rauni. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin bel da katako ta shanye man, don haka inji a garin nan ya fi bukatar a riƙa duba shi fiye da yadda takardar kamfani ta ce. Ka ɗaga gefen bel ɗin, inji a kashe, ka shafa hannu a ƙarƙashi. In ka ji a bushe ƙamas, kada ka yi gudu a kansa. Na gaya wa manajan sau biyu. Ya ce mai gyara yana tafe. Har na rubuta wannan ban ga an taɓa su ba.

Wanda dole sai ya hau da safe, ga yadda zai rage haɗarin. Ka tambaya tukuna, wutar gari ce ko inji. Ka fara da ƙafafu a gefe biyu, ka kunna, sai bel ya fara tafiya a hankali sannan ka taka. Kada ka wuce kilomita 5 zuwa 6 a awa, wato tafiya da sauri. In kana son ka ji a jikinka, ɗaga gaban injin ya zama hawa, kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari ya ishi mai farawa. Mai nauyi ma wannan ya fi masa, gwiwa da idon sahu ba sa shan dukan da gudu ke jawowa. In wuta ta ɗauke a wannan saurin, tuntuɓe za ka yi ka kama ƙarfe. Ko kuma ka bar injin gaba ɗaya ka hau keken tsaye, wanda ƙafarka ce take juya shi.

Da a ranar na rubuta sharhin nan, da cewa zan yi kowa ya kama gabansa. Abin da ya riƙe ni shi ne ɓangaren ƙarfe da kocin safe. Yaron ya san aikinsa. Ranar farko bai bar ni na taɓa komai ba sai da ya tambaya ko ina da hawan jini ko ciwon suga, ko ƙirji yana yi mini ciwo in na hau bene, ya ce in akwai ko ɗaya in fara ganin likita. Ya auna nauyi da tsayi, kilo 98 a kan mita 1.74. In ka raba nauyi da tsayi sau tsayi za ka samu 32 da ɗoriya, kuma daga 30 ake kiran abin ƙiba mai bukatar kulawa. Sannan ya ɗauko tef irin na tela ya auna ƙugu daidai cibiya, ya ce wannan lambar za mu fi bi, burin shi ne ƙugu ya dawo ƙasa da rabin tsayin mutum.

Tsarin da ya ba ni na mai kasuwa ne, kwana uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Minti biyar a keke don jiki ya ɗumama. Sai motsi huɗu: tsugunno da ƙarfe a rungume a ƙirji, tura ƙarfe sama a kwance a benci, jan ƙarfe zuwa ciki a zaune, da ɗaga ƙarfe daga ƙasa baya a miƙe. Kowanne zubi uku, kowane zubi sau 8 zuwa 12, hutun minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ranar da ka cika 12 a duka zubi ukun ba tare da baya ya lanƙwashe ba, sai a ƙara kilo ɗaya ko biyu. Minti goma na ƙarshe a keke. Duka minti arba'in, ƙarfe bakwai saura ka fita. Ciwon jikin da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan farawa na tsoka ne, yana wucewa cikin 'yan kwanaki, ba dalilin fasawa ba ne. Wanda ake tsayawa saboda shi shi ne mai suka a cikin gaɓa ko a ƙashin baya. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2020 ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Kwana uku na minti arba'in 120 ne, sauran sai a cike da tafiya a ƙasa. Sauka daga adaidaita kafin a kai bakin kasuwa ya isa ya cike shi.

Kuma kocin bai ɓoye mini ba cewa jim kaɗai ba ya sauke teɓa. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kusan kalori 7,700. Tafiyar minti talatin da sauri ga mai nauyi irin nawa ba ta wuce kalori 200 ba, lemon kwalba babba guda ɗaya ya kusa mayar da ita. Cokalin cin abinci ɗaya na mai kusan 120 ne, ƙaramin cokalin suga 16, ka ƙirga nawa mai shayi yake zubawa kafin ya ƙara madarar gwangwani. Mai zaman shago ba a abinci uku ƙibarsa take ba, a tsakani take: lemo da baƙo, masa da aka kawo, tsire da la'asar, sannan tuwo malmala biyu ƙarfe goma na dare. Abin da muka canja kaɗan ne. Lemo ya koma ruwa, shayi da cokali ɗaya, malmala ɗaya da miya mai yawan ganye, wake ko ƙwai ko awara da safe don yunwar sha ɗaya ta ragu. Ya nace a kan barci kuma, ya ce mai tashi Asuba da yake kwanciya sha biyu yunwa ce za ta yi ta korar sa zuwa kayan zaƙi. A sati goma sha biyu nauyi ya dawo 93, ƙugu ya ragu da santimita 6. Kusan rabin kilo ke nan a mako, kuma rabin kilo zuwa kilo ɗaya shi ne saurin da ake so.

To amma a bakin ƙofar wannan jim ɗin, a kan teburin da ake karɓar kuɗi, an jera shayin rage ƙiba da bel ɗin ɗaure tumbi, yarinyar da ke wurin kuma kullum sai ta tallata. Kocin yana ciki yana koya wa mutane gaskiya, a waje ana sayar musu da akasinta. Da yawan irin wannan shayin ganyen filasko ne a ciki, gudawa yake sawa. Sikeli zai nuna kilo ɗaya ko biyu sun tafi, ruwa ne da abin da ke cikin hanji, kwana biyu sun dawo. Mai yini a shago cikin zafin Afrilu, ga gudawa ga gumi, jiri ne zai kwashe shi, in yana shan maganin hawan jini abin ya fi haka haɗari. Na juya kwalin ɗaya ban ga lambar NAFDAC ba. Bel ɗin ma gumi kawai yake tarawa a ciki, kitse ba ya narkewa daga wurin da aka ɗaure. Har sikelin nasu yana taimaka wa cinikin, domin suna sa mutum ya hau bayan ya gama ya yi sharkaf. Nauyi yana hawa da sauka kilo ɗaya zuwa biyu a yini guda. A auna a gida, sau ɗaya a mako, da safe bayan an fito daga banɗaki kafin a ci komai, a kan daɓe mai tauri, da sikeli guda.

Sai maganar kuɗin wata uku. Na yi tafiyar sayo kaya Legas kwana goma, na nemi a ɗaga mini kwanakin, aka ce ba a yi. Ba a faɗa mini haka ba ranar biya, kuma ba a rubuce yake a rasit ba. Ɗan kasuwa yana tafiya, ga azumi da yake juya lokacin kowa. Rangwamen da suke yi wa mai biyan wata uku bai kai kwanakin da na rasa ba.

Duk da haka kwanakin nan ma ba su dame ni kamar leɓen bawan Allahn nan ba. Bai sake dawowa ba. Mutum ne da ya yi ƙoƙari ya fito da Asuba, da tumbinsa da shekarunsa, ya fara abin da yawancinmu muke ta ɗagawa. Gyaran kuma ba gagara ya yi ba. Ko su tayar da babban inji na awa biyun safe, ko su sa inbata mai ƙarfin ɗaukar injin gudu ko da biyu ne, ko in duk ya yi tsada su rubuta a takarda su manna cewa ba a gudu a kan wutar gari. Takarda da biro ne. Akwatin auduga, bandeji da maganin wanke ciwo bai kai kuɗin mutum ɗaya na wata ba.

Na sabunta, amma na wata ɗaya, kuma saboda kocin ne da ƙarfen. Mai shirin zuwa ya je ƙarfe shida na safe ya gani da idonsa kafin ya biya, kada ya je da yamma lokacin da inji ke ruri komai yana aiki. Ya tambayi wace wuta injinan suke kai, ya shafa ƙarƙashin bel, ya ce a nuna masa akwatin taimakon gaggawa, ya sa a rubuta masa a rasit ko ana ɗaga kwanaki in ya yi tafiya. Na sake yi wa manajan maganar takardar gargaɗin ranar Asabar da ta wuce, ya ce in sha Allah wannan makon.