Ina Za a Kai Yara Shan Iska a Sakkwato?

A Sakkwato rana ce ke fara zaɓar wa mutum wurin fita, sannan aljihu ya biyo baya. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, don haka duk inda za ku kai iyali, ku fara tambaya ko akwai inuwa.

Ga mai ƙananan yara, ni dai ɗan lambun unguwa na fi so. Ko a Mabera kuke, ko Runjin Sambo, ko Arkilla, ku tambayi maƙwabta wanda ya fi kusa, inda keke napep zai kai ku ba tare da yaro ya galabaita a hanya ba. Lokacin fitar ma ɗan kaɗan ne, tsakanin La'asar da Magariba, bai kamata rabinsa ya ƙare a titi ba.

Amma kada ku ɗebi yara sai babba ya je ya gani da idonsa. Bishiyoyin dogon yaro sun rufe wurin wasan, ko kuwa kujerun manya kawai suka rufe? Ku ɗora tafin hannu a kan abin zamiya. In na ƙarfe ne kuma rana ta wuni a kansa, zai iya ƙona cinyar yaro ko da ƙarfe biyar na yamma. Ku ja sarƙar lilo ku ga ko tsatsa ta ci ta, ku duba ƙasansa yashi ne ko siminti. Katanga ma abin lura ce: wurin da ke da ƙofa ɗaya ya fi kwanciyar hankali, domin ɗan shekara uku ba ya shawara kafin ya ruga titi, ga 'yan kabu-kabu ba sa tsayawa. Sai bayi mai ruwa da wurin alwala. In babu su, uwar yara ce za ta sha wahalar, kuma ba za ta so komawa ba.

Manyan wuraren wasa masu lilon lantarki sun fi burge yaran da suka ɗan tasa. A nan kuɗi ne abin lissafi. Sau da yawa akwai kuɗin shiga, kowane lilo kuma da nasa, to ku tambaya tun daga ƙofa, ku gaya wa yara sau nawa kowa zai hau. Ranar Sallah da washegari cunkoso ya yi yawa. In kuka jinkirta kwana uku za ku fi morewa. In dole ne ranar, ku rubuta lambar waya ku sa a aljihun kowane yaro.

Lambun otal yana da ciyawa da tsabta, sai dai tsada, kuma galibi ba a shiga da abincin gida. In akwai wurin ninkaya, ido ba ya barin yaro ko na minti ɗaya.

Madatsar ruwan Goronyo, wadda ke kan Gulbin Rima, tafiyar wuni ce ta mai mota da manyan yara. Ba filin wasa ba ne, ban ba mai goyo shawarar zuwa ba. Hubbaren Shehu, wanda ya rasu a 1817, shi kuma wurin ziyara ne da natsuwa. Ku ware masa safiya guda, ku haɗa da gidan tarihi na Waziri Junaidu.

Da damina ku guji lambun da ruwa ke kwanciya, saboda sauro na fitowa tun kafin duhu. Da hunturu kuwa, ranar da hazo ya rufe gari a bar mai asma a gida.

Mu a gidanmu tabarma muke naɗewa, da gorar zoɓo mai ƙanƙara da ɗan ƙuli-ƙuli, mu nufi lambun kusa da mu bayan La'asar. Ana kiran Magariba muna bakin ƙofar gida.