Yoyon baƙin mai a Corolla: ya gano ciwon cikin minti 20, yaronsa ya ɓata aikin da gam

Mai Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008, mai injin 1ZZ, in kana tarar da ɗigon baƙin mai kusa da tayar gaba ta dama kowace safiya, karanta wannan kafin ka yarda a kwance maka rabin inji. Wurare biyu suka duba tawa kafin in kai ta wani gareji a nan Kano. Na farko ya ce famfon sitiyari ne, na biyu ya ce sai an sauke murfin taimin gaba ɗaya. Duk cikinsu ba wanda ya ko goge injin.

Bakaniken wannan gareji na uku da ya leƙa sai ya ce, "Alhaji, ba na taɓa noti ko ɗaya sai na ga inda man yake fitowa." Ya rufe altaneta da kwayil da leda, ya wanke injin da kananzir da burushi, ya busar da iska, sannan ya barbaɗa farar hoda a bayan injin da gefen fambel. Ya tayar da mota ya bar ta ta yi zafi. Ba a yi minti 20 ba sai ga siririn baƙin layi yana ratsa hodar, daga gindin tenshona, wato abin da ke ɗaure sarƙar taimin, can baya ta wajen salansa. Gaskiya abin ya burge ni ƙwarai, domin haka ake neman yoyo. Mai gangarowa yake yi, iska kuma tana kaɗa shi baya in ana tafiya, don haka inda ya fi jiƙewa ba nan ne tushe ba. Wuri mafi sama da ya jiƙe ake nema. Famfon sitiyarin da aka zarga yana ƙasa da tenshonar ne, man ke sauka a kansa. Ga shi man sitiyari ja ne, wanda ke ɗiga baƙi, kuma tankinsa bai ragu ba ko kaɗan.

Gyaran kansa ɗan ƙarami ne. Noti biyu ne lamba 10, a zaro tenshonar, a canza zoben robar da ke jikinta. Nawa ya bushe ya lafe, yana lanƙwasa shi ya karye kamar ƙirare. Ya shafa wa sabon mai, ya tura harshen tenshonar ciki ya maƙala ƙugiyarsa, ya mayar. Sai ya sa soket lamba 19 a fulin ƙasa, ya juya baya kaɗan har ƙugiyar ta saki, sannan ya juya gaba ya tabbatar sarƙa ta ɗaure. Wanda ya manta wannan ya tayar da mota, sarƙa na iya tsallake haƙori taimin ya goce. Da a nan aka tsaya, da babu abin da zan rubuta sai yabo.

To amma gasket, wato robar murfin saman inji, shi ma yana ɗan gumi, na ce a canza shi tunda an zo. Nan oga ya koma kan wata mota ya bar wa yaronsa. Kwana 10 bayan haka warin ƙonannen mai ya dawo, mota tana karkarwa in an tsaya a danja. Da aka zare kwayil na farko, ramin fulogi cike yake da mai. Da aka ɗaga murfin kuwa, raina ya ɓaci matuƙa: an zagaye gasket ɗin da gam kaf, sama da ƙasa, har ya tsattsafo ciki ya daskare. A wannan injin wuri biyu kacal ake ɗiga gam, inda murfin taimin ya haɗu da kan silinda, kowane bai wuce ƙwayar wake ba. Sauran roba ce ke yin aikinta. Gam mai yawa yana sa robar ta sulluɓe daga gurbinta, gutsattsarinsa kuma in ya faɗa ciki yana toshe rariyar famfon mai. Wannan fa asarar inji ce sukutum, ba maganar ɗigo ba ce kuma.

Ga kuma ɗauri. Notunan murfin saman nan ƙarfin da suke so kaɗan ne, wajen 10 Nm a ma'aunin ɗauri, daga tsakiya ake farawa ana fita gefe. Yaron ya danne su da iya ƙarfinsa har robar ta tsage a kusurwa. Ina cikin wannan takaici na tuna ashe ko bawul ɗin PCV, mai fitar da iskar da ke taruwa cikin inji, ba su duba ba, alhali in ya toshe iska ce ke taruwa a cikin inji ta riƙa turo mai ta kowace roba. Juyen baƙin man da suka yi ma da tsohuwar washa suka mayar da notin ƙasa, man kuma ya haura alamar sama ta geji.

Ogan bai yi musu ba, ya ba da haƙuri, ya sake aikin da hannunsa bai karɓi kuɗin aiki ba. Amma gasket na biyu daga aljihuna ya fito, haka mai da yinin da na rasa. Wata guda ke nan kwalin da nake shimfiɗawa a ƙarƙashin motar a bushe yake. Wajen gano yoyo zan sake komawa gare shi, amma in ya miƙa wa yaron nan sifana, ɗauke motata zan yi.