Shagon maganin dabbobi na wajen Ƙofar Ƙaura da maruƙana biyu

Maruƙana biyu 'yan aure ne da Firiziyan (shanun madara na Turai), na yaye su rana ɗaya, kwana uku sai zawo. Na garzaya wani shagon maganin dabbobi a wajen Ƙofar Ƙaura da niyyar sayen allura in dawo.

Likitan bai sayar mini ba. Ya ce, "Alhaji, nawa suke cin dusa kafin ka cire madara?" Na yi shiru, don ban taɓa aunawa ba.

Ya zaunar da ni a benci ya yi mini bayani. Tumbin ɗan maraƙi ƙarami ne, madara ma ba ta bi ta cikinsa, wucewa take yi. Sai ya fara cin hatsi da shan ruwa ƙananan halittun da ke narka abinci suke yawaita a ciki, kuma tsamin da suke fitarwa shi ke gina bangon tumbin. In an yanke madara kafin nan, cikin bai shirya ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa har masu amfanin yake sharewa.

Ya ba ni gishirin zawo, ya ce in maido da madara in riƙa ragewa cikin kwana 10, kada in yaye sai kowanne yana cinye dusa wajen kilo 1.5 a rana, kwana uku a jere. Sun miƙe.

Ƙorafina ɗaya: in likitan ya fita, yaron shagon duk abin da ka nuna miƙo maka zai yi. Ku je da safe, kafin ya fita.