Dambe ko takwando ga ɗalibin ƙauye

Ƙanena da ka samu gurbin karatu a kwalejin ilimi ta Gumel, kake tambayar wanda za ka haɗa da karatun tsakanin dambe da takwando: duka biyun na taɓa, ɗaya ya ba ni, ɗaya ya ci mini kuɗi.

Dambe bai nemi komai a wurina ba sai zare da tsumma da gajeren wando. Ubangidana mahauci ne a garinmu, shi ya fara naɗa mini hannu bayan kaka, an gama kai gero rumbu, kowa na da ɗan abin liƙi a aljihu. Ranar da na fara sa zare a bayan kasuwa, gwiwata rawa take har makaɗi ya kira sunana. Turmin farko muka tashi babu kisa, wato ba wanda ya kai wani ƙasa, a na biyu Allah ya ba ni sa'a na buge yaron. Abin da aka liƙa mini daren nan shi ya cika mini kuɗin rajista, ragowar na sayo wa Inna turmin atamfa. Har yau tana cewa turmi biyu na yi don ta samu ɗaya. Wata sa'ar kuma, ni bahago ne a fage amma da dama nake rubutu, don haka ko mashi, wato hannun dukan, ya kumbura alƙalami bai tsaya ba. In da dama kake duka, ka lissafa wannan tun yanzu.

Takwando kuwa, wasan faɗan Koriya na shuri da naushi, farar rigar na nan ƙasan akwati ta yi ja. Ba zan raina shi ba, yana cikin Olamfik tun 2000, Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a Beijin a 2008, ana kuma yin sa a gasar jami'o'i ta NUGA. Amma sai na shiga mota zuwa birni kafin in ga mai koyarwa, ga kuɗin wata, ga na gwajin ɗamara mai nuna matakin da ka kai. Ban wuce ɗamara rawaya ta masu farawa ba aljihu ya ce ya isa.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu talla a bakin fage. Mai laya da kambu zai rantse maka ba mai kai ka ƙasa, alhali wanda za ku kara ma a wurinsa ya saya. Mafi sharri mai ƙwaya, ya ba ka tiramol ka daina jin zafi ka ci gaba da duka da karyayyen hannu. Akwai kuma masu sayar da takardar bogi ta baƙar ɗamara, ta ƙwararrun takwando. Wadda duniya ta sani daga Kukkiwon, hedikwatar takwando a Koriya ta Kudu, take fitowa, kuma sai da gwaji.

Ka ɗauki dambe, amma na kaka da hutu. Kada labarin damben mota, wanda ake cin kyautar mota, ya ja ka Ado Bayero Square a Kano ko Dei-Dei a Abuja ka bar aji. 'Yan damben ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada da kake gani can, wannan ce sana'arsu, kuma ba ta da fansho. Na san wanda ya ci babur ya sayar da shi wajen ɗorin hannu. In jarrabawa ta rage wata guda ka kwance zaren. Kuma ka fara neman yardar Baba, ni sai da na aika masa kawuna sau biyu.