Sharhi kan kwas ɗin CELTA, ga malamin makarantar mishan da ke shirin biyan kuɗi

Na yi kwas ɗin CELTA ta intanet har na karɓi takarda, kuma hukuncina shi ne kuɗin bai tafi a banza ba, amma ba kowane lokaci na rayuwa ne ya dace da shi ba. Takardar ta Cambridge ce ta Ingila, an tsara ta don koyar da manya Turanci. Babu ruwanta da addini, sai dai malamin da coci ya ɗora wa ajin yamma na manya zai ga kamar don shi aka yi ta.

Kafin a ɗauke ka, za ka yi aikin gwaji a rubuce, sannan a yi maka tambayoyi baki da baki. Kwas ɗin kansa awa 120 ne, ban da wajen awa 80 na karatu da shirin darasi a gida. A ciki akwai awa 6 na koyar da ɗalibai na gaske a matakai biyu na iya Turanci, mai horarwa na zaune yana rubuta duk abin da ka yi, da wasu awa 6 na kallon gogaggun malamai. Akwai kuma rubutu 4, kowanne kalma 750 zuwa 1,000. Rubutun da bai yi kyau ba, ana ba ka dama ɗaya ka gyara. Babu jarrabawar ƙarshe, aikinka na kullum shi ne makinka.

Inda kwas ɗin ya fi ƙarfi shi ne yadda yake rufe wa malami baki. Wanda ya saba da wa'azi ko makarantar Lahadi yakan shigo da dogon bayani, ya cinye minti 30 cikin 45 yana magana, ɗalibai na gyaɗa kai. A nan ake fara samun matsala, domin harshe sai da furtawa yake zama. Ana koya maka ka daina tambayar ko sun gane, tunda kowa "eh" zai ce don kunya. A ce jimlar ita ce "Musa used to live in Jos". Sai ka tambaya: yanzu yana Jos? A'a. Da can fa? Eh. Kwana ɗaya ya yi ko ya daɗe? Ya daɗe. Tambayoyi uku, ka san wanda ya kama da wanda bai kama ba. Kowace jimla kuma ana bin ta a jere: ma'ana tukuna, sai yadda ake faɗinta, sai yadda aka gina ta. Malamin da ɗalibansa Hausawa ne zai ci moriyar sashen furuci sosai, saboda rikicin "pan" da "fan", da na "vote" da "boat".

Abin da ya fi kayar da mutane lokaci ne. Darasin minti 45 yakan ci awa uku ko huɗu na shiri a farko, don ana son ka rubuta kowane mataki da mintinsa da abin da kake zaton zai wahalar da ɗalibai. Kwas mai tsarin mako 4 zuwa 5 ba ya barin Asabar, har Lahadi da yamma yana ci, kuma ba a son fashi ko na kwana ɗaya. Wanda ya yi sabon aure, ko aka yi masa haihuwa, ko aka sauya masa wurin aiki, ko yake jagorantar mawaƙan coci, ya ɗauki na wata uku ko fiye. Ya kuma sanar da fasto tun da wuri a nemo mai riƙe masa aiki. Wannan ba raini ba ne ga hidima, gaskiyar nauyin ke nan.

Ta intanet kuwa, a tanadi layin waya biyu na kamfanoni daban, da abin cajin kwamfuta idan an ɗauke wuta. Yankewar minti biyar a tsakiyar darasin gwaji tana rusa duk lissafin da ka yi.

Rauninsa a fili yake. Ajin gwaji ƙarami ne, na manya masu son karatu, don haka aji mai yara 70 da allo ɗaya sai ka sake wa dabarun fasali da kanka: aikin mutum biyu-biyu a benci ɗaya yana yiwuwa, zagaya kowa da kowa ba ya yiwuwa. Sannan a Najeriya takardar ba ta maye gurbin NCE ko PGDE (diflomar koyarwa ta bayan digiri), ba ta kuma ɗauke maka rajistar TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta Najeriya. Kuɗin ya bambanta daga cibiya zuwa cibiya, saboda haka kafin ka tura ko kwabo, duba sunan cibiyar a shafin Cambridge, don akwai masu sayar da kwas mai kama da wannan suna wanda babu awa 6 ɗin koyarwa a cikinsa.