Giyar Prado: laifin waya ne ko faiba ta ƙone?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu ya kawo tambaya a kan Prado ɗinsa ƙirar 1999, mai injin fetur V6 da giya otomatik. Ya ce in ya sa D motar tana tashi da nauyi kamar an ɗaure ta, fitilar O/D OFF tana ƙyaftawa, amma ribas lafiya lau, kuma in ta ɗauki gudu ba ta da matsala. Bakanikensa ya ce giyabos ya mutu, a je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano a sayo na Beljiyam. Rewaya kuma ya ce sulunoyid ne kawai, wato bawul ɗin lantarki da ke buɗe wa man giya hanya. Wa zai bi?

Malam, su biyun suna magana ne a kan cuta biyu daban, kuma kowace da kamanninta. Giyar da ke cikin motarka 'yar gidan A340 ce ta kamfanin Aisin, mai hawa huɗu, dangin wadda ke cikin 4Runner ta 1996 zuwa 2002. Aikinta kashi biyu ne. Mai da ƙarfin famfo su ke matse faiba, wato fayafayan kuloci da ke cikin giyar, har mota ta ja. Birenbos kuma, wato kwamfutar mota, ta hanyar sulunoyid guda biyu, shi ke zaɓen giyar da za a shiga, na uku kuma yana kulle kombata, wato abin da ke haɗa injin da giya, a kan babban titi. In ɓangaren lantarki ya lalace, giyar tana da ƙarfinta, zaɓe ne ya ɓace. In faiba ta ƙone, zaɓen daidai ne, riƙon ne babu.

Daga nan ake fara rabe su, kuma allurar injin ce shaidar farko. Mai laifin lantarki in ka taka totur daga tsaye, allurar ba ta tashi sosai, injin yana nishi, motar tana matsawa a hankali amma ba ta zamewa. Dalili shi ne in sulunoyid na ɗaya ya mutu, birenbos yana barin motar ta tashi a giya ta uku. Mai ƙonanniyar faiba akasin haka ne: allurar ta yi sama, injin ya yi ta ihu, mota ba ta bi ba, sai daga baya ta kama da fizga. Abin da ka siffanta ya fi kama da na farko.

Sai lokacin shiga giya. Bayan mota ta yi zafi, ka taka birki, ka janye daga N zuwa D. A ma'aunin Toyota ya kamata ta kama ƙasa da daƙiƙa 1.2, zuwa R kuma ƙasa da 1.5. Wannan shigar ba ruwanta da sulunoyid, hannun giyar ne da kansa ke buɗe wa mai hanya. Saboda haka laifin lantarki ba ya jinkirta ta. In kana ƙirga uku, huɗu kafin ka ji ta kama, to maganar ta koma wajen mai, filta, famfo ko faiba. Haka kuma laifin waya yakan zo ya tafi, yau lafiya gobe ba lafiya, wani lokacin a kashe mota a tayar ya ɓace. Faiba ba ta warkewa. Da sanyin safiya tana ɗan riƙewa saboda man yana da kauri, rana na yi tana ƙara zamewa.

Gejin man giya kuwa nan ne zan daɗe, domin mutane da yawa ba daidai suke duba shi ba. Ba a duba shi mota a kashe kamar man injin. A yi tafiya har ta yi zafi, a tsaya a fili mai daidai, injin na aiki, a zaga hannun giya daga P zuwa L a dawo P, sannan a zaro geji a duba alamar HOT. In laifin na lantarki ne zalla, za ka tarar da man ja ne ko ja mai ɗan duhu, ba ƙauri. In faiba ce, man ya yi baƙi, yana warin ƙuna, ka murza shi a yatsa ka ji gari-gari. Akwai kuma na uku da ke ba ni tsoro a waɗannan motocin: man ya koma ruwan hoda mai kauri kamar an dama shi da madara. Wannan ruwan lagireto ne ya shiga, domin bututun da ke sanyaya man giya ta cikin lagireto ya bi, in ya huje sai su haɗu. Wanda ya ga haka kada ya ƙara tuƙa ta ko zuwa bakin layi, ruwa yana ɓamɓare fatar faiba. Man da ya yi ƙasa kawai shi ma yana kawo jinkiri da zamewa, kuma maganinsa ƙara man giya nau'in Dexron III da toshe inda yake yoyo.

Fitilar O/D OFF da ke ƙyaftawa ba ta ce giya ta mutu ba. Cewa take birenbos ya ajiye lambar laifi. A motocin da ke da ƙaramin akwatin gwaji a ƙarƙashin bonet, ana haɗa ramukansa masu alamar TE1 da E1 da guntuwar waya, a kunna makulli ba a tayar ba, a ƙirga ƙyaftawar. 62 sulunoyid na ɗaya ne, 63 na biyu, 64 na kulle kombata, 42 da 61 kuma sansar gudu. A kan 4Runner 'yar Amurka sai a sa kwamfutar gwaji, inda P0753 da P0758 ke nufin laifin wayar sulunoyid ɗin biyu. Faibar da ta ƙone sau da yawa ba ta kunna komai a wannan tsohon tsarin. Sulunoyid mai lafiya yana ba da om 11 zuwa 15 in an auna shi da mitar rewaya. Amma a duba wayar da soket ɗin kafin a kwance komai, domin zafin salansa da taɓo suna cin su.

Gwajin da ya fi kowane raba gardamar bakanike da rewaya ba ya cin ko sisi. A zare soket ɗin sulunoyid a jikin giyabos, a fita da motar hanyar da ba cunkoso. Yanzu birenbos ba shi da hannu a ciki: L zai ba ka giya ta ɗaya, 2 zai ba ka ta uku, D ta huɗu, R ribas. Ka tashi a L, ka matsa 2, ka matsa D. In kowace ta kama da ƙarfi ba zamewa, cikin giyarka lafiya yake, a koma kan waya, sansa da sulunoyid. In a haka ma tana zamewa, bakanike ya yi gaskiya.

Akwai inda cutar biyu ke haɗuwa, kuma nan ake asarar kuɗi. Sulunoyid na iya ba da om daidai amma datti ya toshe shi. Dattin daga ina? In an sauke tiren ƙasan giya, maganaɗisun da ke ciki zai faɗa. Laushin toka kaɗan a jikinsa ba komai ba ne ga motar da ta haura shekara 20. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko baƙin ɓawon faiba kuwa yana nufin sabon sulunoyid zai yi aiki na ɗan lokaci ne ya sake toshewa.

Abu biyu kuma da ba na giyabos ba ne amma ake ɗora masa. Birenbos ba ya sakin giya ta huɗu sai ruwan injin ya yi zafi, don haka motar da aka cire wa tamostat, kamar yadda aka saba a garejojinmu, tana iya daɗewa a ta uku da safiyar hunturu. Sannan ƙaramin hannun ogzilari: in ya zame ya tsaya a N, mota ba za ta motsa a kowace giya ba, in kuma an bar makullin tsakiya, mai ɗaure tayoyin gaba da na baya tare, a kulle a kan kwalta, za ta riƙa ɗaurewa a kwana.

A batun motarka, Malam, tashi da nauyi ba zamewa, ribas lafiya, ga fitila tana ƙyaftawa, duk sun karkata wajen rewaya. Ni dai ba zan yarda a sauke giyabos ɗin nan ba sai an karanta lambar, an duba man, an yi gwajin zare soket. In har ta kai ga sayen na Beljiyam, a buɗe tirensa a gabanka a shago, lambar jikinsa ta yi daidai da ta naka, a wanke bututun sanyaya mai, kuma a canza lagireto in tsoho ne kafin a ɗora.