Sitikar kaya: dijital a nan Bauchi ko ofset a Kano?

Hajiya, kin ce an buga miki sitikar robobin yaji, jan da kika zaɓa a waya ya fito ruwan ƙasa, da aka sake bugawa kuma ya koma ruwan lemo. Kina tambaya ko ki ci gaba da masu injin dijital na cikin gari, ko ki tura aikin Kano ko Jos a yi miki da babban inji, wato ofset. Sannu da haƙuri, Allah ya mayar da alheri. Asara irin wannan ba ƙaramin ciwo gare ta ba ga mai ƙaramin jari.

Kafin a ɗora wa kowa laifi, akwai abin da ya shafi injinan duka biyu. Waya da haske take haɗa kala, daga ja da kore da shuɗi, shi ake kira RGB. Takarda kuwa tawada huɗu ake zuba mata: shuɗi mai haske, ja mai ɗaukar ruwan hoda, rawaya da baƙi, wato CMYK. Akwai kalolin da tawadar nan ba ta iya fitarwa ko kaɗan, irin kore shar mai ƙyalli, da shuɗi mai kaifi wanda sau da yawa yake komawa shunayya. In mai zanenki ya bar aikin a RGB, ko Shomolu ta Legas kika kai shi, inda masu ɗab'i suka yi dandazo, ba zai fito yadda kika gani a waya ba.

Alherin dijital shi ne kina tsaye za a fitar miki da takarda ɗaya ki gani da idonki. In jan bai yi ba, a gyara nan take. Ko guda hamsin kike so za a buga miki. Matsalarsa rashin tsayawa a kala ɗaya. Garin tawada yake amfani da shi, kuma shaguna da yawa cikawa suke yi da wanda ba na asali ba saboda tsada. Ga zafin inji, ga ƙurar hunturu, ga kayan ciki da suka gaji. Shi ya sa bugun yau da na wata mai zuwa suke shan bamban, kamar yadda ya faru da ke. Ki ɗaga takardar wajen haske ki dubi inda jan ya yi faɗi. In kin ga layi-layi a ciki, injin na neman gyara, kada ki karɓa. Sannan kuɗin kowace takarda ba ya sauka sosai komai yawan da kika yi.

Ofset kuma sai an fara yin faranti na alminiyam, kowace kala da nata, huɗu ke nan. Kuɗin farantin ɗaya ne ko ɗari biyar za ki buga ko dubu goma, don haka sai aiki ya yi yawa yake araha. Takardun farko lalacewa suke yi kafin mai inji ya daidaita tawada da ruwa, amma da zarar ya saita, kalar tana riƙewa har ƙarshe in yana sa ido. A nan ne ma za ki iya neman kalar Pantone, tsarin da wani kamfanin Amurka ya fito da shi a 1963, inda kowace kala take da lambarta kuma a gwangwani ake haɗa ta. Ga mai son janta ya zauna iri ɗaya shekara da shekaru, babu kamar wannan.

Sai dai ofset ma suna ya tara. Tsofaffin injinan Heidelberg masu kala ɗaya har yanzu suna aiki a wurare da yawa, takarda sai ta bi ta ciki sau huɗu. In ta goce ko da kaɗan, za ki ga ƙananan rubutu da inuwa a gefe, lambar wayarki ta yi dishi-dishi. Wasu kuma sukan haɗa ƙananan ayyukan mutane da yawa a faranti guda don rage kuɗi, to a nan ba janki kaɗai ake dubawa ba.

Abin da ya fi damuna da aikin nesa shi ne samfur. Za a ɗauki hotonsa a turo miki ta WhatsApp a ce ki amince, alhali kin koma kallon kala a waya ke nan, inda matsalar ta faro. Ranar da kwali ya iso tasha kika buɗe kika ga ba haka ba, mai inji ya ce laifin mai zane ne, mai zane ya ce na mai inji ne, kuɗinki kuma sun riga sun tafi. In kakar siyasa ta kama, fastocin 'yan takara ke cinye injina, ƙaramin aiki sai ya yi ta jiran layi.

Ni a ganina, tunda sitikarki ba ta kai dubbai ba, ki zauna a Bauchi tukuna, amma ki sauya yadda kike ba da aiki. Mai zane ya mayar da shi CMYK, ya ba ki PDF, ki tura shi a matsayin fayil, domin WhatsApp matse hoto yake yi. Ya kuma mayar da rubutun ya zama zane, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ suna iya ɓacewa a kwamfutar shagon, "barkono mai ƙamshi" ya fito da rami a tsakiya. A buga samfur a kan ainihin takardar, a manna masa ledar kariya da za a sa a saman sitikar, don mai sheƙi tana ƙara wa ja ƙarfi, marar sheƙi kuma tana kwantar da shi. Wanda ya yi miki, ku sa hannu a bayansa ke da mai shagon, ki ajiye ɗaya a inda rana ba ta taɓawa, da shi za a riƙa gwada kowane sabon bugu. Ki ba da kafin alƙalami kawai, cikon sai kin duba kaya. Ranar da kasuwa ta buɗe har kina bukatar dubu biyar ko fiye, sai ki ɗauki samfurin nan ki je Kano ko Jos da ƙafarki, ki tsaya a bakin inji lokacin da takardun farko suke fitowa.